Awon Ango

Ranar Laraba, ana yayyafi a Valparaíso,
Ermelinda Quilodrán ta sauko daga kan tudu
da laftof naɗe cikin tsohon labule.
Ta ajiye a gabana, ta ce,
"Baltasar, numfashi tana yi, gani ne babu."

Na danna maɓalli.
Fanka ta yi tari sau biyu, ta kama.
Wata 'yar fitila kore ta ƙifta mini ido.
Allo kuwa baƙi ƙirin, gindin tukunya.

Shekara goma sha huɗu da sayenta.
Harafin A ya goge, E ya bi shi,
ga jan zare maƙale a ramin shan iska.
Awon mutanen unguwa duk yana ciki,
kafaɗa, ƙugu, tsawon hannu,
na masunta, na masu jan taragon tudu,
har na limamin coci mai ɗan doro.
Ga kwat ɗin ango ba a yanka ba,
biki Asabar,
ango yana bisa teku sai Juma'a da dare.

Na zare caja, na ciro batir,
na danne maɓalli ina ƙirga talatin a zuci.
Wani lokacin fushi kawai inji ke yi,
a bar shi ya huce.
Wannan bai huce ba.

Na kwance noti huɗu, na zuba a murfin kwalba.
Katin ƙwaƙwalwa biyu ne, na ciro su,
na goge haƙoransu da magogin fensir.
Na mai da ɗaya. Duhu.
Na sauya da ɗayan. Duhu.
Ta ce, "Ka sani ne, ko lalube kake?"
Na ce, "A sana'armu, lalube rabin sani ne."
Ba ta yi dariya ba.

Na taɓa maɓallin manyan baƙaƙe,
fitilarsa ta kunnu, na sake, ta mutu.
To, akwai mai amsa sallama a cikin gidan,
tagar ce kawai a rufe.
Da na jona ta da talabijin mun gani,
sai dai wayar tana hannun Nicanor tun Ista.
Aro ne, irin wanda ba ya sanin hanyar gida.

Sai na kashe ƙwan shago,
na ja ƙyaure, na ɗauko tocila,
na kwantar da haskenta a karkace jikin allo.
"Matso, kawo idonki nan."

Can ƙasan baƙin,
kamar kwabo a gindin rijiya,
ga hoton keken ɗinkinta,
ga 'yar kibiya tana bin yatsana,
ga sunaye a jere, dishi-dishi.
Na ce, "Komai na nan.
Fitilar bayan allo ce ta ƙone,
ko siririyar wayar da ke bi ta gwiwar murfi
ta gaji da buɗe da rufe."

Ba ni take saurare ba.
Hancinta ya kusa taɓa gilashi,
tana karantawa kamar mai raɗa:
"Eleuterio Paillán,
kafaɗa arba'in da shida,
ƙugu tamanin da takwas."
Ta rubuta da biro a bayan hannunta,
ta tsaya, ta dubi lambar, ta yi tsaki.
"Tamanin da takwas ɗin nan
tun kafin ya ɗanɗana girkin surukarsa ne.
Yatsa uku zan ƙara."

Na ce kayan gyara daga Santiago za su zo,
kwana goma, in mota ta yi kirki,
kuɗin kuma ya kusa rabin na sabuwa.
Ta naɗe laftof ɗin a labulenta,
ta ɗaga tocilar, ta kunna, ta kashe.
"Wannan fa, nawa?"

Na sayar mata har da batir biyu.
Yanzu in dare ya yi, in na dubi tudu,
akwai taga ɗaya da ke duhu,
da ɗan haske yana yawo a ciki.
Nicanor har yau bai kawo wayar ba.